Tawada a Yatsan Kaka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wanda Ya ba mu aron Kaka Ya karɓi abinSa ranar wata Talata da hantsi, bayan ya yi kwana goma sha ɗaya a kwance. Yau an doshi wata biyu. Ban saba irin wannan rubutu ba, iyakata sakandare. Na zauna rubutawa ne don kada a manta da shi, kuma don na ga wani abu da idona wanda in na yi shiru za a jingina masa abin da bai yi ba. Ba zan faɗi sunan garinmu ba, ba zan faɗi sunan ƙaramar hukumarmu ba, ba kuma zan kama sunan kowa ba. Waɗanda abin ya shafa sun san kansu.

Kafin azahar ƙofar gidanmu ta cika. Mahauta sun zo daga Jega, wasu ko rigar aiki ba su tsaya sakewa ba. Abokan nomansa na albasa sun zo daga Aliero a bayan a-kori-kura, dangin kakarmu mace sun zo daga Giwa Tazo. Direbobin tasha suka jera baburansu jikin katanga, suka tsaya cirko-cirko don babu wurin zama. Wata tsohuwa da babu wanda ya san ta a gidan ta shigo ta zauna bakin rijiya, aka ba ta tabarma ta ƙi. Ta ce ita ba ta zo don a karɓe ta ba. Ta ce shekarun baya, ranar da jikarta ta sauke Alƙur'ani, kowa ya ce ƙauyensu ya yi nisa, mota ba ta shiga, amma tsohon nan ya sa aka ɗora rumfa a kan amalanke aka kai masu. Ta yi addu'arta, ta sha ruwa, ta tafi. Har yau ban san sunan ƙauyen ba.

Sai dai waɗanda suka riga kowa isowa mutanen ƙaramar hukuma ne. Ba a gama ɗinkin likkafani ba sai ga motarsu da rumfuna sababbi ful da kujerun roba masu hannu. Babu wanda ya aika masu. Babanmu ma yana kan hanya daga kudu, inda ya kai lodin albasa, bai iso ba sai bayan an dawo daga maƙabarta. Gwaggo, babbar 'yar Kaka, ta leƙa ta zaure ta daɗe tana kallon masu kafa rumfa, sannan ta juyo ta dubi Baffa, ƙanin babanmu.

"Wa yag gaya musu? Ko wanka ba a yi mai ba."

Baffa ya ce karramawa ce, bai kamata a yi wa alheri tambaya ba. Gwaggo ta ce ta ji, amma lokacin da mai gidan ke da rai sai ya yi sawu uku a sakatariya kafin a saki rumfa ɗaya mai yagaggen baki. Dattawan gari kuwa da suka zo ko kallon kujerun ba su yi ba, suka shimfiɗa tabarminsu a gindin darbejiya kamar yadda aka saba. Kujerun suka wuni babu kowa a kai sai kansila da mutanensa.

Ga wanda bai san Kaka ba, manomi ne, gero da damina, albasa da rani. Amma abin da aka fi saninsa da shi kwamitin tarukan jama'a na ƙaramar hukuma. Hukuma tana da rumfuna, kujeru, lasifika da tankar ruwa, kuma tana iya tura 'yan sintiri wurin taro. Kwamitin shi ke tsara wanda za a ba da ranar da za a ba shi, ko suna ne, ko saukar karatu, ko ɗaurin aure, ko kokawar bayan kaka, ko zaman makoki. A cikinsa akwai kansiloli, da sakataren da ke riƙe takardu, da kujera ɗaya ta dattijon gari. Kaka ya riƙe wannan kujera tun kafin a haife ni. Ciyaman ya zo ya tafi, wani ya zo ya tafi, shi yana nan.

Ƙa'idarsa guda ce, wanda ya riga faɗa shi ke da kaya. Ba ya buƙatar takarda. Mutum ya tare shi a masallaci ko a kasuwa ko a bakin fadama ya ce matata ta sauka jiya, shi ke nan, ya shiga kansa. In biyu sun haɗu rana ɗaya sai a raba, in ba su rabuwa sai a ba na farko, in kuma rasuwa ce kowa ya haƙura. Yakan ce rumfar hukuma inuwar bishiya ce, ba ta tambayar ɗan wane ne ya zauna. A kan keke yake zuwa taron kwamiti, da allura da zaren buhu a aljihu, domin in ya ga rumfa ta yage ba ya jira a kira tela, zama yake ya ɗinke ana cikin magana. Sakatare ya taɓa ce masa wannan ba girmansa ba ne. Kaka ya ce girman da rana za ta bi ta cikinsa ta doki kan mutane ba ya so.

Ba zan ce ba shi da wuyar sha'ani ba. Lokacin auren yayata wani mutumin Gehuru da ya dawo garinmu da zama ya riga mu faɗa da kwana ɗaya tak. Kaka ya ba shi rumfunan duka, baƙinmu suka ci tuwo a rana, 'yan rakiyar ango suna fifita da hulunansu. Inna, mahaifiyarmu, ta yi mako guda tana kai masa abinci ta ajiye ba ta ce komai ba. Shi kuma ya riƙa ce wa yara su gaya wa uwarsu miyar ta yi daɗi, fushin ne dai ya yi mata yawan gishiri. Da ta gaji ta yi dariya. Amma ta gaya mini daga baya ba ta taɓa yafe masa zafin ranar nan ba sai da ta gan shi kwance.

Ni kuwa magatakarda yake kirana. Ajami yake rubutawa, boko bai shige shi ba, don haka tun ina aji uku nake karanta masa takardun kwamiti ina rubuta masa amsa. In na yi jinkiri sai ya ce zai sake ni ya auro wadda ta fi ni saurin hannu. In ce masa ya je, babu mai ɗaukar tsoho mai keke. In na gama ya karɓa ya juya takardar sama da ƙasa kamar mai dubawa, sannan ya rubuta sunansa da ajami daga dama zuwa hagu, a hankali, harshensa a waje. Abu ɗaya ne ba ya yi ko da wasa, dangwala yatsa. Ko ranar da aka zo rajistar manoma sai da aka yi ta fama da shi. Ya ce shi da ya rubuta allo tun yana yaro ba za a mai da shi wanda bai san alƙalami ba.

Rigimar ta faro ne bayan girbin bara, da sabon kansila ya kawo sabon tsari. Kaka ya zo da takardar na karanta masa a zaure. Duk mai son kayan hukuma sai ya cike fom da Turanci, ya kai kwana goma sha huɗu kafin ranar taro, kuma kansilan mazaɓarsa ya buga masa hatimi. Sun ce haka ake yi a manyan birane, kuma hakan zai hana cunkoso. Kaka ya ce in sake karanta wurin kwanakin. Na sake. Ya daɗe yana murza gemu.

Abin da ya faru a taron, ɗaya daga cikin masu gadin sakatariya ne ya ba Gwaggo labari. Ya ce Kaka ya bari kowa ya gama yabon tsarin, sannan ya ajiye allurarsa ya dubi kansila.

"Ɗana, kai da anka haife ka, kwana nawa anka yi kahin a raɗa ma suna?"

Kansila ya ce bakwai.

"To mai jego ta aiko takarda tun ɗiyan na ciki ke nan. Mai mutuwa kuma ya cike tashi ya ajiye, ya jira hatimi."

Aka yi dariya, har da sakatare. Kansila bai yi ba. Ya ce za a duba batun suna da rasuwa, kansila zai iya ɗaga ƙafa ga wanda ya ga ya dace. Kaka ya ce ai nan gizo ke saƙa. Ya ce kwana goma sha huɗu ba don gyaran rumfa aka sa su ba, lokaci ne da ya isa a bincika gidan mutum a ji wa ya zaɓa. Daga nan murya ta tashi, aka ɗage taron. Dokar kwamitin kuwa ita ce ba a sauya tsari sai dattijon gari ya sa hannu, don in ya sa, hakimai da masu unguwanni ba su musu.

Da ya dawo gida ya ce in ɗauko biro. Ya faɗa na rubuta, cewa shi bai yarda ba, da dalilansa, ya sa sunansa da ajami. Na kwafe ta a bayan tsohon littafina na makaranta don kada ya tambaye ni wata rana abin da ya ce, shi kuma don tsokana ya sa hannu a kwafin ma. Baffa ne ya karɓi wasiƙar ya ce zai kai, tunda yana yawan zuwa wurin kansila. A taro na gaba sakatare ya ce babu wasiƙar da ta iso teburinsa. Daga ranar Kaka ya daina ba Baffa saƙo.

Bayan haka baƙi suka yawaita a zaurenmu. Wannan ya zo da goro, wancan da buhun taki. Kaka ya karɓi gaisuwa ya mayar da taki. Ana cikin haka wata safiya ya faɗi a fadama yana ban ruwa. Aka kai shi asibiti a Jega, suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama da ƙafar dama suka mutu, baki ya karkace, magana ta tafi. Aka dawo da shi gida. Ni ke ba shi kunu da cokali, don in wani ya ba shi sai ya rufe baki.

Ranar kwana na tara da kwanciyarsa, bayan la'asar, Baffa ya shigo ya ce mata su ba da wuri, manyan baƙi sun zo dubiya. Na fita da kwanon kunu a hannu. Ta labule na ga sakatare da wani mutum da ban sani ba, mai jakar hannu. Ba su daɗe ba. Na ji ana addu'a da ƙarfi, irin wadda ake yi don na waje su ji, sannan suka fita, Baffa ya raka su. Da na koma na tarar Kaka yana numfashi sama-sama, idonsa a buɗe yana kallona, hawaye na bin gefen kunnensa. Na zaci ciwo ne. Na ɗaga hannunsa na dama don in gyara masa kwanciya, sai na ga babban yatsansa shuɗi da tawada. An goge cikin yatsan, amma ta maƙale a gefen farce.

Ban yi ihu ba, ban kira kowa ba. Na ɗebo ruwa da sabulu na yi ta wankewa, tawadar ta ƙi fita daga ƙarƙashin farcen. Shi kuma da hannun hagu ya kama bakin hijabina ya riƙe. Ban san abin da yake so ya ce ba. Na dai ce masa na gani, Kaka, na gani. Sai ya saki. Bayan kwana biyu ya cika.

Ranar addu'ar uku Baffa ya aiko a kira ni zaure. Na tarar da sakatare zaune, ya yi mini gaisuwa mai tsawo, yana ta kirana ɗiyata. Ya ce hukuma ta yanke shawarar sa wa sabon tsarin sunan marigayi, kuma za a karanta shi gaban jama'a ranar addu'ar bakwai, tunda Allah Ya sa ya amince kafin ya koma. Ya ce ya ji ni ke yi masa rubutu, ko akwai wasu takardun kwamiti da suka rage a gida, don na hukuma ne. Na ce ban sani ba, sai na duba. Ya ce ana neman masu sakandare a ofishinsu, kuma ya ji hannuna na da kyau. Da ya miƙe zai tafi ya tsaya yana gyara hula.

"Ɗiya mace mai hankali, abin da tag gani cikin ɗaki nan take barin shi. Ko ba haka ba, Malama?"

Na ce haka ne. Baffa yana kallon ƙasa.

Kwana biyu ban iya cin abinci ba. In babur ya tsaya ƙofar gida sai in leƙa in ga ko su ne. Na cire littafin daga akwatina na sa cikin buhun gero, na sake cirewa na sa ƙarƙashin tabarmar sallar Inna. Na yi tunanin in ƙona shi kowa ya huta. Babanmu mutum ne mai zafi, in na gaya masa ƙaninsa ne ya shigo da su, ban san inda abin zai tsaya ba. In kuma na yi shiru, za a tara hakimai da masu unguwanni a ƙofar gidan Kaka a ce masu ya yarda, su kuma su ce tunda shi ya yarda mun yarda.

Gwaggo ce ta ritsa ni a madafa ta ce tun ranar rasuwa take ganin ina tafiya kamar wadda ta haɗiyi allura. Na gaya mata duka. Ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni wane hannu, na ce na dama. Ta ce wanda ya mutu, na ce shi. Ta sa littafin cikin zaninta, ta yafa mayafi, ta ce in biyo ta gidan liman kamar masu kai sadaka.

Liman abokin Kaka ne tun suna makarantar allo, kuma shi ya yi masa wanka. Ya sa na karanta masa wasiƙar daga bayan labule, ya karɓi littafin ya duba sa hannun, ya ce wannan rubutun ko cikin duhu ya san shi. Can ya ce shi ma ya ga shuɗin a farce lokacin wanka, ya yi ta sa ruwa, ya ce a ransa ko magani ne na asibiti. Ya ce bai tambaya ba don yana tsoron amsar. Gwaggo ta ce to ga amsar ta zo har gida. Ya ce mu tafi, kada mu gaya wa kowa mun zo, kuma sunana ba zai fito daga bakinsa ba.

Ranar bakwai mata muna ciki, ni ina maƙale jikin katangar zaure inda ake jin lasifika. Bayan an shafa fatiha sakatare ya karɓi abin magana, ya yabi Kaka har ya ce uba ne gare shi. Ya karanta tsarin, ya ce ga shaidar yatsan marigayi a ƙasa, duk mai so ya zo ya gani. Sai na ji muryar liman, ba ta lasifika ba, amma wurin ya yi tsit har ana jin ta.

"Sakatare, shekara nawa kana aiki da shi?"

Ya ce sun daɗe.

"Ka taɓa ganin ya dangwala yatsa?"

Sakatare ya ce rashin lafiya ce ta kawo haka, hannun ba ya riƙe alƙalami.

"Bakin ma ba ya magana. Da mi yac ce maka ya yarda?"

Na ji liman ya ce akwai wasiƙar da mamacin ya bari da sa hannunsa, ya ba wani malamin makaranta ya karanta. Ina jin kalmomin da na rubuta da hannuna suna fitowa daga bakin wani. Da aka gama, wani tsohon mahauci ya ce a mayar wa hukuma kujerunta, sun gode. Hakimi ya ce ba wurin rigima ba ne, a tashi. Kafin la'asar an kwashe rumfunan.

Ba zan ce mun yi nasara ba. Bayan makonni kaɗan suka naɗa wani dattijo a kujerar Kaka, ya sa hannu, tsarin ya wuce yadda suke so. Yanzu mai son rumfa sai ya bi ta gidan kansila. Maganar aiki ba a sake tayar da ita ba, ni ma ban tambaya ba. Liman ya cika alkawari bai ambace ni ba, amma garin nan kowa ya san wadda ke yi wa Kaka rubutu. Wani lokaci in na fita ɗiban ruwa sai in ga mai jakar nan zaune a teburin mai shayi yana bina da ido, ko kuwa tsorona ne ke nuna mini shi, ban sani ba. Babanmu ya tambayi Baffa sau ɗaya, Baffa ya rantse shi yana bakin ƙofa, bai ga abin da aka yi ba. Muna cin tuwo daga tukunya ɗaya har yau. In ya miƙo hannu zai karɓi kwano sai in tsinci kaina ina kallon hannun, ina tunanin ko shi ne ya ɗaga na Kaka. Ba ni da shaida, kuma ina roƙon Allah Ya sa zargina ƙarya ne.

Makon jiya Gwaggo ta ja ni muka je sakatariya, muka tsaya gaban allon sanarwa. Ta ce in karanta mata takardar tun daga sama har ƙasa, kada in tsallake ko layi ɗaya. Na karanta, mai gadi yana kallonmu. Kwana goma sha huɗun na nan, hatimin kansila na nan. Sunan Kaka babu, yatsan ma babu. Ta ce in sake duba ƙasan. Na sake, na ce babu. Ta ce to mu je gida.

Allah Ya jiƙan Kaka, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi, Ya ba shi inuwa ranar da babu wata sai taSa. Ku da kuka san shi, ku sa shi a addu'a. In kuma wata rana kuka ji wani ya ce tsohon nan ya amince da tsarin kafin ya rasu, ku ce masa bai amince ba. Ni na rubuta masa wasiƙar, ni kuma na wanke yatsan.